Yadda ɗan jarida zai bi diddigin labaran ƙarya da muryoyin jabu a lokacin zaɓe

Ana saura kwana biyu a yi zaɓen majalisar dokokin ƙasar Slovakia na ranar 30 ga Satumban 2023, wata murya ta bazu a Facebook, inda ake jin kamar shugaban jam'iyyar Progressive Slovakia, Michal Šimečka, yana tattaunawa da 'yar jarida Monika Tódová a kan yadda za a sayi ƙuri'u. Dukansu biyu sun musanta, masu tantance labarai na kamfanin AFP kuma suka ce akwai alamun cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa ta. Sai dai an sake ta ne a cikin sa'o'i 48 da dokar ƙasar ta hana yaƙin neman zaɓe, lokacin da kafofin labarai ke takatsantsan da duk wata maganar siyasa. Wanda ya shirya wannan aiki ya yi lissafin lokaci fiye da yadda ya yi lissafin fasaha, saboda haka ɗan jaridar da ke son shiga wannan fage dole ne ya kammala shirinsa tun kafin makon zaɓe, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin a kai ga kayan aiki, ya kamata mai sha'awar wannan sana'a ya san irin ƙaryar da zai fi cin karo da ita a tsakanin masu magana da Hausa. Bidiyon da na'ura ta ƙera fuska da murya daga tushe yana nan, yana kuma ƙaruwa, amma abin da ya fi yawo a zaurukan WhatsApp shi ne tsohon bidiyo da aka sauya wa labari, da jawabin da aka datse kansa da gindinsa, da saƙon murya na wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa a gabansa abu ya faru. Jita-jitar da ta cika Najeriya a 2018, cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jubril daga Sudan, ba ta bukaci wata fasaha mai zurfi ba, amma ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya musanta ta da bakinsa a ƙasar Poland a watan Disambar shekarar. A wannan shekarar kuma wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawawwaki da ba su da alaƙa da jihar Filato, ciki har da wanda aka samo asalinsa a Kongo Brazzaville, suka yi ta yawo a Facebook a lokacin rikicin watan Yuni, 'yan sanda kuma suka ce sun taimaka wajen rura wutar kashe-kashen.

Kundin ajiya shi ne farkon aiki

Abin da ya bambanta ɗan jaridar alƙaluma, wato mai haƙo labari daga tarin bayanai, da mai ƙaryata labari ɗaya bayan ɗaya shi ne kundin da yake tarawa. Buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, ka ware wa kowane abu da ka gani layi guda: rana da sa'ar da ka gan shi, dandalin da ya fito, adireshinsa, sunan shafin da ya wallafa, harshen da aka yi amfani da shi, nau'insa, iƙirarin da ke ciki a jimla ɗaya, wanda aka yi wa ƙazafin, yawan waɗanda suka yaɗa shi a daidai lokacin da ka duba, sannan hukuncinka da hujjar da ka dogara da ita. A makon farko wannan aiki zai yi maka kama da ɓata lokaci. Bayan wata uku, jadawalin ne zai nuna maka cewa shafuka kaɗan ne ke fara sakin yawancin ƙaryar, ko cewa ƙazafin addini yana ƙaruwa duk lokacin da aka kusa ranar kaɗa ƙuri'a, kuma shi ne zai tona maka asirin kanka idan ya zamana jam'iyya ɗaya kawai kake sa wa ido.

Ka adana komai kafin ka taɓa shi, domin da zarar ka kira wani don neman bayani akan goge abin da aka wallafa. Ɗauki hoton fuskar wayar yadda rana da sunan shafi za su fito, ka sauke bidiyon kansa, ka kuma ajiye adireshin a Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin shafukan intanet. Idan daga WhatsApp abin ya zo, ka roƙi wanda ya turo maka ya sake aiko shi a matsayin takarda (Document), saboda turawa ta yau da kullum tana matse hoto da bidiyo, tana kuma share bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil. A wayoyin Android za ka ga sunan fayil kamar VID-20230225-WA0012 ko PTT-20230225-WA0003. Lambobin tsakiya rana ce, amma ranar da fayil ɗin ya shiga wannan wayar ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Amfaninta shi ne idan ka tattaro kwafi daga mutane da yawa, mafi tsufar rana za ta nuna maka cewa abin ya riga wannan lokaci wanzuwa.

Neman asalin hoto da bidiyo

Tambaya ta farko a kan kowane hoto ita ce ko ya taɓa fitowa a baya. Saka shi a Google Lens da TinEye da Yandex, dukansu uku, domin kowanne akwai abin da yake gani wanda sauran ba su gani. Idan bidiyo ne, manhajar InVID-WeVerify, wadda ake ɗorawa a kan burauzar Chrome kyauta, za ta yanka maka shi zuwa hotuna, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kaso mai yawa na aikin a nan yake ƙarewa, inda za ka tarar bidiyon satar akwatin da aka ce na safiyar yau ne ya shekara huɗu a intanet.

Idan binciken bai fito da komai ba, sai ka koma ga idonka da sanin ƙasarka, kuma a nan ne ɗan gida ya fi baƙon ƙwararre. Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an yi shi ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni ranar 18 ga Maris, duka a tsakiyar rani, don haka bidiyon da aka ce na Kano ko Katsina ne a ranar zaɓe, alhali ga ciyawa shar da kududdufai cike da ruwa, ya ƙaryata kansa. Na'urar tantance masu zaɓe ma tana faɗin shekara: a 2015 da 2019 na'urar karanta kati aka yi amfani da ita, BVAS kuwa sai a 2021 aka fara aiki da ita. Sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ba su shiga hannun jama'a ba sai a Disambar 2022, saboda haka bidiyon rabon kuɗi da aka gan su a ciki bai girmi wannan wata ba. Lambar mota, da allon shago, da fastocin da ke jikin bango, da kakin jami'an tsaro, da siffar hasumiyar masallaci da za ka iya nemowa a Google Earth, duka shaidu ne.

Sauya sheƙar 'yan siyasa wata babbar ƙofa ce ta yaudara. Atiku Abubakar ya yi takara a AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC a 2014, ya sake komawa PDP a 2017. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC, ya dawo PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Kowannensu yana da tsofaffin jawabai da ya yabi wanda daga baya ya zama abokin hamayyarsa, kuma fito da irin wannan jawabi a makon zaɓe a ce na jiya ne bai bukatar komai sai sauya rubutun da ke ƙasansa.

Murya, wadda ta fi komai wahala

Murya ba ta da lambar mota ko allon shago, ƙera ta ya fi ƙera bidiyo araha, ita ce kuma ta fi shiga inda jama'a suka fi son saurare a kan karatu. A Janairun 2024 masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka sun karɓi kiran waya da murya irin ta Shugaba Joe Biden tana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. An gano cewa wani mai ba 'yan siyasa shawara, Steve Kramer, shi ya sa aka haɗa ta, hukumar sadarwar ƙasar kuma ta ci shi tarar dala miliyan 6. Abin lura shi ne ta hanyar bin sawun kamfanonin da suka tura kiran, da kuma bayanin da wanda ya haɗa muryar ya fito ya yi wa 'yan jarida, aka kai ga mai laifin.

Ka saurari muryar da abin saƙale kunne mai kyau, sau da dama, kowane karo kana neman abu guda. Ka fara da numfashi: mutum yana shaƙar iska, yana gyaran murya, yana fara jimla ya fasa, yana cewa "wato" ko "ka gane" a inda ya saba. Sannan ka saurari abin da ke bayan maganar, ƙarar fanka ko janareto ko wucewar babur, ka lura ko yana yankewa farat ɗaya a tsakiyar zance, domin wannan alama ce ta an datse an haɗa. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, za ta zana maka sautin a allo, inda wurin da aka yi ɗori kan fito fili. Daga nan ka koma ga Hausar kanta. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, na'urar da ke karanta rubutu kuma tana iya furta garin da ake zama a ciki kamar garin tuwo, ko ta sassauta ƙ da ɗ da ɓ su koma k da d da b. Karin harshe ma shaida ne: ɗan siyasar da duk duniya ta san shi da Sakkwatanci, aka ji shi minti uku yana zuba Kananci tsantsa ba tare da harshensa ya zame ko sau ɗaya ba, ya cancanci a tsaya a kansa. Ka nemo tsofaffin hirarrakinsa na rediyo ka jera su kusa da juna, ka kuma sa mutum biyu ko uku 'yan yankinsa su saurara ba tare da ka gaya musu abin da kake zargi ba.

Waɗannan alamomi suna raguwa kowace shekara yayin da na'urorin ke ƙara ƙwarewa, kuma rashin ganinsu ba ya nufin muryar ta gaskiya ce, tun da akwai masu kwaikwayon muryar manya da bakinsu kawai. Manhajojin da ke cewa suna gane muryar jabu su ma abin a yi hattara da su ne. Yawancinsu da muryoyin Turanci aka horar da su, sautin da ya bi ta WhatsApp sau goma ya riga ya lalace, kuma ba abin mamaki ba ne manhajoji biyu su ba ka amsoshi masu karo da juna a kan fayil ɗaya. A ganina, rahoton da hujjarsa kaɗai ita ce wata manhaja ta ce kashi kaza cikin ɗari jabu ne bai kai a buga shi ba. Idan lamarin babba ne, ka tura fayil ɗin ga masana. Ƙungiyar WITNESS, alal misali, tana da tawagar gaggawa da ke haɗa 'yan jarida da ƙwararrun binciken irin waɗannan fayiloli.

A bidiyo, ka rage gudunsa ka kalli leɓɓa a kan haruffan b da m, waɗanda ba a furta su sai baki ya rufe. Ka kalli haƙora, da gefen tabarau, da bakin rawani, da ɗinkin hula, wanda a bidiyon na'ura kan sauya zane idan kai ya juya.

Dole ne ka kira wanda aka ce muryarsa ce, amma musantawarsa ba hujja ba ce. Malaman shari'a biyu na Amurka, Bobby Chesney da Danielle Citron, sun yi gargaɗi tun 2018 cewa yaɗuwar bidiyon jabu za ta ba maƙaryaci riba, domin duk wanda aka kama da gaske zai ce haɗawa aka yi. Shakkar ma kaɗai tana iya yin ɓarna. A Gabon, jawabin sabuwar shekara da Shugaba Ali Bongo ya yi a ƙarshen 2018, bayan ya yi fama da shanyewar jiki, ya jawo zargin cewa na jabu ne, kuma sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki ranar 7 ga Janairun 2019 sun ambaci bidiyon a cikin dalilansu, alhali ba a tabbatar da cewa jabun ne ba. Saboda haka ka tanadi hukunci na huɗu bayan gaskiya da ƙarya da yaudara, wato "ba a tabbatar ba", ka kuma riƙa amfani da shi ba tare da jin kunya ba, kana bayyana abin da ka gwada da inda hujja ta tsaya.

Sakamakon zaɓe da sawun masu yaɗawa

Daren zaɓe da washegarinsa lokacin sakamakon bogi ne. Ka riga ka tanadi jerin rumfunan zaɓe da yawan masu rajista a kowace mazaɓa. A 2023 Najeriya tana da rumfuna 176,846 da masu rajista sama da miliyan 93. Sakamakon kowace rumfa ana rubuta shi a fam EC8A, ana ɗaukar hotonsa a ɗora a shafin IReV na hukumar INEC, ko da yake a zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara ɗorawar ta yi jinkirin da ya ba jita-jita fili. Idan aka turo maka takardar sakamako, ka duba lambar rumfar ko ta dace da sunan mazaɓar, ka haɗa ƙuri'un da kanka, ka kwatanta jimlar da yawan waɗanda aka tantance, domin a dokar zaɓe ta 2022 aringizo shi ne ƙuri'u su zarce adadin waɗanda aka tantance. Takardun da hannu ake cike su, hotunan wasu kuma dishi-dishi ne, don haka idan za ka kwafe su cikin jadawali, mutum biyu su kwafa kowa daban sannan a gwada. Ka kuma tuna cewa labari mai ban mamaki yana iya zama gaskiya, kamar yadda INEC ta ɗage zaɓen 16 ga Fabrairun 2019 zuwa 23 ga wata ana saura sa'o'i kaɗan a buɗe rumfuna.

Gano masu yaɗa ƙarya da haɗin baki aikin jadawali ne. Ka nemi rubutu iri ɗaya da ya fito a shafuka da yawa cikin mintuna kaɗan, musamman idan kuskuren rubutu ɗaya ya maimaitu a cikinsu duka. A Facebook, sashen bayanan shafi yana nuna ranar da aka buɗe shi, da sunayen da ya taɓa ɗauka, a manyan shafuka har da ƙasashen da masu kula da shi suke, kuma a nan za ka ga shafin barkwanci ko na wa'azi da ya tara mabiya sannan ya rikiɗe na siyasa. Rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, yana nuna tallan siyasa da aka biya. Wannan aiki ya ƙara wuya tun da Twitter ya sa kuɗi a kan samun bayanansa a 2023, Meta kuma ya rufe CrowdTangle, manhajar bin diddigin yaɗuwar abin da ake wallafawa a Facebook, a Agustan 2024. Kada ka yi saurin cewa na'ura ce ke sarrafa kowane shafi, domin binciken da BBC ta fitar a Janairun 2023 ya nuna cewa mutane ne masu tarin mabiya jam'iyyu ke biya a asirce. Kada kuma ka ce an biya wani sojan baka sai kana da shaidar biyan, tun da akwai masu yi don son ransu.

WhatsApp a rufe yake, ba wanda zai iya ƙirga yawan yaɗuwar saƙo a cikinsa. Abin da za ka iya faɗa shi ne a zaure kaza cikin zauruka kaza da kake bibiya ka ga saƙon, tsakanin rana kaza da rana kaza.

Fitar da rahoto

Ba kowace ƙarya ce ta cancanci martani ba, domin wadda mutum hamsin suka gani, idan babbar jarida ta ƙaryata ta, ta kai ta ga dubbai. Idan ka yanke shawarar bugawa, kanun labarin ya ɗauki gaskiyar, hoton jabun a buga masa tambari a tsakiya yadda ba za a yanke a sake amfani da shi ba, kuma ka jera matakan da ka bi yadda mai karatu zai iya maimaita su. Ƙaryar da ta zo da murya cikin Hausa ba za a kashe ta da dogon rubutu cikin Turanci ba. Ka naɗi saƙon murya na minti ɗaya, ka faɗi sunanka da kafar da kake wa aiki da ranar da ka naɗa, ka kuma ƙulla alaƙa da gidajen rediyon yankinka tun kafin zaɓe don su riƙa karanta abin da ka tantance.

Ka ɓoye suna da lambar wayar talakan da ya tura saƙo cikin rashin sani. Ka san cewa an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida, ko da yake an yi masa gyara a 2024, don haka rahoton da ya ambaci sunan mai yaɗa ƙarya ya bi ta hannun edita da lauya. Ka ware wayar aiki daban, ka sa matakin tsaro biyu a kan shafukanka, kuma idan za ka duba bidiyon kisa ka kashe sautinsa ka rage girmansa a allo.

Game da hanyar shiga sana'ar, ƙwarewa a Excel ta wadatar a shekarar farko, harsunan sarrafa kwamfuta irin su Python ko R sai lokacin da layukan jadawalinka suka fi ƙarfin hannu. Africa Check, wadda aka kafa a 2012, da Dubawa da ta fara a 2018, da FactCheckHub na cibiyar ICIR, suna horar da 'yan jarida, Dubawa ma tana da shirin horo mai sunan Kwame Karikari, akwai kuma Alkalanci da ke aikin tantancewa da Hausa. Yawancin kuɗin wannan fage tallafi ne da ke ƙaruwa gab da zaɓe ya ragu bayansa, kuma matakin da Meta ya ɗauka a Janairun 2025 na daina aiki da masu tantancewa a Amurka ya nuna cewa ba a dogara da kamfanonin sada zumunta. Wanda ya iya alƙaluma zai ci gaba da cin abinci da rahotanni a kan kasafin kuɗi da lafiya da ilimi tsakanin zaɓe da zaɓe. Wurin gwaji mafi dacewa shi ne zaɓen cike gurbi ko na ƙananan hukumomi a jiharka: ka buɗe jadawalin wata biyu kafin ranar, ka bibiyi shafuka da zauruka ƙalilan da za ka iya riƙewa, ka rubuta abin da suka nuna bayan an bayyana sakamako, wannan rahoto kuma shi za ka miƙa wa editan da kake neman aiki a wurinsa.